Baba Gangare da Bututun da Ya Hau Tudu

Ba sunan yanka ba ne, magina ne suka laƙaba masa, ya kuma bi shi har gida. Duk ginin da aka kira shi aikin famfo, kafin ya gama amsa gaisuwa ya riga ya durƙusa, ya kanne ido ɗaya yana leƙen ƙasa yana tambaya, "Ina gangaren?" Tun ana dariya har aka gaji, aka koma kiransa Baba Gangare. Yau in ka je layinsu ka ambaci sunansa na gaskiya, sai dai a nuna maka gidan wani mai gyaran keke.

Ubansa mai liƙe bokiti ne da buta, irin masu yawo da dalma a jaka. Shi kuwa boko aji huɗu ya yi, ya ga baƙaƙe ba sa zama wuri ɗaya a kansa, ya tattara ya koma wurin wani tsohon mai aikin famfo wanda ba ya dariya sai in wani ya faɗa rami. Tsohon nan ya taɓa sa shi ya tone rami ɗaya sau uku a wuni guda, don bututu ya kauce da kaurin yatsa. Darasin da ya fito da shi daga ramin bai da tsawo: ruwa ba ya jin lallashi, ba ya kuma tsoron mai gida. Ka ba shi gangare ya tafi, ka hana shi ya zauna maka a falo.

Shekara arba'in da ɗoriya yana kan wannan. Gajere ne, ƙafafunsa sun ɗan gwame, in zai miƙe gwiwoyinsa sai sun yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Babban yatsansa na hagu ya baje kamar cokali, kyautar wata sufana ce. Fensir a bayan kunne, lebul ɗinsa na auna daidaito a naɗe cikin tsohuwar safa. Ranar da ya fara kai wa babbar 'yarsa ziyara gidan mijinta, kafin ya zauna sai da ya nemi ban ɗaki, ba don wata lalura ba. Ya fito yana girgiza kai, ya ce wa surukin, "Yarona, gidanka ya yi kyau, amma makwararar nan taka ƙarya take yi." Matarsa takan ce, "Malam, kai ko a kabari aka sa ka sai ka ce a ɗan ɗaga wajen kai."

Bai tara komai ba. Ɗaki uku, tsohon babur, da akwatin kayan aiki da ya girmi 'ya'yansa duka. Abin da ya tara suna ne. In ɗan kwangila zai cika wa mai gida baki, yakan ce, "Gangare ne ya yi maka famfo," shi ke nan magana ta ƙare, mai gida ya tafi ya yi barci da munshari.

Sunan nan ne ya kai shi aikin wani otal mai hawa biyar, a hannun wani kamfani na 'yan zamani. Ranar farko aka tara masu aikin hannu a ƙarƙashin rumfar kwano, aka kafa majigi. Wani mutum mai farar hular kwano wadda ba ta taɓa sanin ƙura ba ya fito gaba. Shi ne mai kula da samfurin ginin a kwamfuta, kuma da yake hannunsa ba ya rabuwa da linzamin kwamfuta, kafin azahar leburori sun raɗa masa Mai Linzami.

Ya ce otal ɗin nan da ake shirin haƙa wa tushe an riga an gama gina shi, a cikin kwamfuta. Ya danna, sai ga gini ya miƙe a bango, yana juyawa kamar kaza a kan wuta. Ya ɓare masa bango, sai ga rodi, ga wayoyin lantarki, ga hanyoyin iskar sanyi, ga bututai kamar hanji. Ya taɓa bututu guda, sai ga rubutu ya fito a gefe: faɗinsa, tsawonsa, masana'antar da ta yi shi, da gurbin sunan wanda ya ɗaura shi. Ya ce mai zanen gini da injiniya da masu lantarki da masu iskar sanyi duk a cikin samfurin nan guda suke aiki, kowa daga ofishinsa, kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ya yi. In abin wani ya ci karo da na wani, wurin sai ya yi ja. In an sasanta, ya koma kore.

To, kada ka ɗauka Baba Gangare irin tsofaffin nan ne da ke tofa wa sabon abu yawu. Wallahi ƙwalla ta kusa zubo masa. Shekara arba'in yana fama da masu lantarki da ke bi ta inda ya yi alama, da magina da ke zuba kankare kafin ya sa bututu, sannan a miƙa masa guduma a ce ya fasa. Ya ce da ƙarfi, "Allah ya yi wa wanda ya ƙirƙiro abin nan albarka!" Sannan ya ɗaga hannu kamar ɗan aji huɗu.

"Ranka ya daɗe, in na ga kuskure, ina zan rubuta?"

Mai Linzami ya yi murmushin da ake yi wa mai taɓin hankali. Ya ce izini hawa uku ne. Akwai masu canzawa, su ne 'yan ofis. Akwai masu sa sharhi, kamar foman. Akwai kuma masu kallo.

"Mu fa?"

"Ku naku ido, Baba. Idon ma ta allon foman." Ya nuna wata ƙaramar kwamfuta mai kamar allo da ke rataye a wuyan foman. "Doka ɗaya ce: abin da ya yi kore, haka za a gina shi. Ba gyara, ba dabara, ba 'ai mu da can haka muke yi'."

Aka yi dariya. Baba Gangare ma ya yi, don bai san da shi ake ba.

Wata bakwai aiki na tafiya kamar an shafa masa mai. Kowace safiya yakan leƙa allon foman, ya sa a juya masa ginin ta ƙasa, ya auna, ya ɗaura. Har gida yake yabon abin, sai da matarsa ta ce ta gaji da labarin ginin da ba a iya jingina da shi.

Ran nan aka iso hawa na biyu. Akwai wani babban bututu da ke kwashe ƙazantar ban ɗaki goma sha biyu, yana bi ta ƙarƙashin bene, a saman silin na dogon baranda, ya je ya zuba a babban bututun da ke sauka ƙasa. A tsakiyar hanya akwai bim, wato doguwar gadar kankare da ke riƙe da benen. Baba Gangare ya bi bututun da yatsa a kan allo, sai ya tsaya. Da bututun ya iso bim sai ya nutsa ƙarƙashinsa, ya wuce, sannan ya sake hawa sama wajen taƙi biyu, ya ci gaba da tafiyarsa kamar bai yi komai ba. Kore shar.

"Foman, juya mini nan."

Foman, wani ƙato mai tumbi da saurin gumi, ya juya.

"Wa ya koya wa bututun nan ruku'u?"

"Kore ne, Baba."

"Na ga kore ne. Ganye ma kore ne, akwai mai kashe akuya. Dubi nan: ya sauka, ya hau. Ruwa zalla zai iya cika kwarin nan ya tsallake. Amma abin da ke tafe a cikin ruwan fa? Baƙin otal ba turare suke zubawa a masai ba. Nan zai kwanta, na gobe ya kwanta a kan na yau, kafin wata uku ya toshe."

Ya zaro fensir ya zana gyaran a jikin bango. Ba wani abu ba ne mai wuya: bayan an wuce bim, a bar bututun ya ci gaba da gangarawa a ƙasa, ya shiga babban bututu ta can ƙasa kaɗan. Sai dai hakan na nufin a sauke silin na barandar da taƙi guda, a kuma matsar da hanyar iskar sanyi. Wato sai mai zane da injiniya da mai iskar sanyi sun haɗa baki. Kai, ba don irin wannan aka yi samfurin ba tun farko?

"Sa musu sharhi," in ji Baba Gangare. "Kai kana da izini."

Foman ya share gumi. Ashe duk sharhin da aka sa, wurin ruwan ɗorawa yake komawa, kuma kowane ƙarshen mako manajan aiki yakan ƙirga ruwan ɗorawar nan ya tambayi foman me ya sa hawansa ya fi na kowa ciwo. Saboda haka foman ya daina sharhi tun wata na biyu. Abin da ya iya yi shi ne ya kira Mai Linzami a waya, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Baba, samfurin ya duba wurin nan," in ji muryar. "Babu karo."

"Ban ce akwai karo ba, ɗana. Cewa na yi babu gangare."

"Kwamfuta ce fa ta tantance."

"Kwamfutar taka ta taɓa shiga ban ɗaki?"

Leburori suka fashe da dariya, kuma Mai Linzami ya ji su. Nan Baba Gangare ya yi kuskurensa guda ɗaya a duk labarin nan: ya ba mai farar hula kunya a gaban masu ɗaukar kwano.

Washegari manajan aiki ya zo da kansa, dogon mutum mai waya biyu, wanda ba ya kallon fuskar mai yi masa magana sai dai agogo. Ko zanen bangon bai duba ba.

"Dattijo, za ka ɗaura yadda yake a allo, ko ba za ka ɗaura ba?"

"Ranka ya daɗe, ka ba ni minti biyar in nuna maka."

"E ko a'a."

"Hannuna ba zai ɗaura bututun da zai hau tudu ba."

"To, ƙofa ba ta hau tudu ba. Ga ta can."

Haka fa. Wata bakwai, bututu sama da ɗari shida babu ɗigo ko ɗaya, aka sallame shi a tsaye kamar wanda aka kama da buhun siminti a riga. Ya naɗe lebul ɗinsa a safa, ya ɗaure akwati a bayan babur. Aka kawo wasu masu aikin famfo da ba sa tambaya, a wuni ɗaya suka ɗaura abin yadda yake, ruku'u da komai. Mai fenti ya zo ya shafe zanen bangon.

A gida matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, da ka ɗaura musu abinsu mana. Kai za ka kwana a otal ɗin?"

"In na ɗaura, sunan wa za a kira ranar da ya toshe?"

"To ai ga shi ka tsira da sunanka. Sai mu dafa shi mu ci."

Ya koma 'yan ƙananan ayyukan unguwa, famfon nan ya ɓalle, tankin can yana yoyo. Bai yi ƙorafi ba, don a ganinsa ya bar wurin da hannu mai tsabta.

Aka buɗe otal. Wata biyu da 'yan kwanaki, hawa na biyu ya yi amai. Masai goma sha biyu suka dawo wa baƙi da ajiyarsu, silin na baranda ya kumbura ya faɗo, wari ya sauko har wurin karɓar baƙi. Mai otal ya ce a nemo masa wanda ya yi. Ai kuwa nan samfuri ya nuna amfaninsa. Aka taɓa bututun, rubutu ya fito a gefe. Wa ya ɗaura? Baba Gangare, da cikakken sunansa har na ubansa.

Yadda aka yi kuwa, tun farkon aiki Mai Linzami ya ga cike gurbin suna ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne, sai ya zaɓi bututan ginin gaba ɗaya ya manna musu sunan tsohon a dannawa guda, tun kafin a sayo su ma. Da aka kore shi ba wanda ya tuna ya gyara. Rahoto ya fita: laifin aikin hannu ne. Kuma da yake kamfanin na haɗin kai ne, rahoton ya tafi wa duk wanda ke cikin samfurin, mutum arba'in da uku, masu zane, injiniyoyi, 'yan kwangila, masu kawo kaya. Rabin masu ba da aikin gini a garin ke nan. Maganarsa ba ta sami hanyar hawa ko mataki ɗaya ba, amma ɓacin sunansa ya zaga ofis arba'in kafin a sha shayi.

Shi bai ma sani ba. Wani tsohon ɗan kwangila da suka yi shekara ashirin suna aiki tare, wanda ya riga ya yi masa alkawarin famfon wasu gidaje shida, shi ya tare shi a bakin shagon kayan gini.

"Gangare, aikin nan a dakata tukuna."

"Lafiya, Alhaji?"

"Masu gidan sun ga takarda. An ce bututunka ya yi abin kunya a otal."

"Wane bututuna? Wanda aka kore ni don na ƙi ɗaurawa?"

"Ni na san ka. Amma kwamfuta ce ta faɗa, kuma ka san mutanen yanzu." Ya dafa kafaɗarsa. "Tsufa ne, duk za mu je."

Wannan "tsufa ne" ita ta fi kora ciwo. Ranar bai ci abinci ba. Matarsa ta ajiye kwano ta ɗauke, ta sake ajiyewa, sannan ta ce, "Malam, na janye maganata. Je ka karɓo sunanka."

Kwana uku yana zuwa ofishin kamfanin, sanye da rigarsa ta zuwa suna. Mai karɓar baƙi ta ce manaja na taro. Sakataren manaja ya ce ba su ke taɓa samfuri ba, sai Mai Linzami. Mai Linzami ya aiko cewa duk mai ƙorafi ya shigar da shi ta cikin samfurin. Baba Gangare ya ce ba shi da izinin shiga. Aka ce to sai ya nemi izini. Ta ina? Ta cikin samfurin. Yana zaune a benci yana kallon wani famfon wanke hannu da ke ɗiga a kusurwa, ɗis, ɗis, kamar da gangan.

Rana ta huɗu ya cire rigar zuwa suna ya sa ta aiki. Ya ɗauki bokiti biyu, da tiyo mai faɗi wanda ake ganin cikinsa, da ledar yashi da dusar katako. Abin da ya gano a duniya shi ne, mai babbar riga ake tambaya wa ya zo gani. Mai bokiti ba a tambayarsa komai. Mai karɓar baƙin da ta tsare shi kwana uku ko ɗago kai ba ta yi ba, cewa ta yi, "Ban ɗakin na sama ne, Baba." Ya hau sama, ya tura ƙofar ɗakin taro.

Ranar taron haɗin kai ce ta mako. Dogon tebur, mutum goma sha wani abu, ginin otal na juyawa a babban allon bango, wasu fuskoki kuma a ƙananan akwatuna suna halarta daga nesa. Manaja ya miƙe.

"Wa ya bar wannan ya shigo?"

"Bokiti," in ji Baba Gangare. "Minti biyar ɗin nan da ka hana ni na zo karɓa."

A ƙarshen tebur akwai wata injiniya, dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ita ce mai otal ya ɗauko ta binciki abin da ya faru. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ku bar shi. Bismillah, Baba."

Ya ɗora bokiti ɗaya a kan tebur, ɗaya a ƙasa. Ya miƙa wa foman, wanda ke raɓe a bango, bakin tiyo ya riƙe. Ya jawo wata kujera ya ce, "Ga bim ɗinku." Ya zura tiyon ta ƙarƙashinta ya ɗago shi sama ta ɗaya gefen, daidai yadda yake a allo. Ya zuba ruwa zalla: ya cika kwarin, ya tsallake. Mai Linzami ya ce, "Ka gani? Ya wuce."

"Yi haƙuri, ɗana, baƙin ba su karya ba tukuna."

Ya dama yashi da dusar katako a ruwa ya zuba. Kowa na kallo abin ya gangara ya kwanta a kwarin. Ya ƙara, ya kwanta a kan na farko. A zubi na huɗu ruwan ya tsaya cak, ya yi tunani, ya juyo baya, ya fito ta bakin da foman ke riƙe da shi, ya wanke masa wando har takalmi. Wata fuska a cikin akwatin allo ta tuntsire da dariya, ta manta ba ta kashe murya ba.

Injiniyar ba ta yi dariya ba. Ta ce wa Mai Linzami, "Samfurin na ajiye tarihin duk abin da aka taɓa. Buɗe mana na bututun nan."

"Hajiya, zai ɗauki lokaci..."

"Muna da shi."

Ya buɗe. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a bango, da rana da sa'a. Asali bututun miƙe yake, ya ci karo da bim, ya yi ja. Ana gobe mai otal zai zo duba samfuri, Mai Linzami ya kama shi da linzami ya lanƙwasa ta ƙarƙashi, jan ya koma kore. Bayan minti huɗu manaja ya amince. Ba a tambayi injiniya ba, ba a tambayi mai zane ba. A ranar nan, wurare tamanin da ɗaya masu ja suka koma kore tsakanin azahar da la'asar.

Wandon foman na ta ɗiga a ƙasa.

Kana tsammanin wani ya ce, "Baba, ka yafe mana"? Ashe ba ka san ofis ba. Manaja ya gyara murya ya ce wannan darasi ne ga kowa, ba lokacin nuna yatsa ba ne, giɓi ne a tsari. Da laifin na mai bokiti ne, sunansa da na ubansa aka buga. Da ya zama na masu tebur, sai ya koma giɓi, marar uwa marar uba.

"Ni ban zo neman giɓi ba," in ji Baba Gangare. "Ku cire sunana daga bututun nan. Sannan mutum arba'in da ukun da kuka gaya wa ƙarya, ku rubuta musu wasiƙa ku gaya musu gaskiya."

"Cire masa," in ji manaja, yana duba agogo.

Mai Linzami ya yi abin da ya saba: ya nemo sunan, ya zaɓi duk inda ya fito, ya danna. Injiniyar ta ce, "Tsaya!" amma ina. Bututan ginin kaf, har da ɗari shida da wani abu da ya ɗaura da hannunsa, masu kyau da marar kyau guda ɗaya, duk gurbin sunansu ya koma fari fat. Har jerin ma'aikatan ginin sunan ya fita. Ta ce a mayar da na sauran. Ya ce an riga an miƙa samfurin ga mai otal, sharewa gyaran kuskure ce, amma ƙara suna sabon shigarwa ne, sai an cike takarda an aika babban ofis.

"Wasiƙar fa?" in ji Baba Gangare.

"Za mu duba," in ji manaja.

Ya kwashe bokitansa ya fito. A gida matarsa ta tare shi a ƙofa. "Sun cire?"

"Sun cire. Yanzu ban taɓa taka otal ɗin ba ma. Wata bakwai ɗin nan ina gida, ke ce ba ki lura ba."

Bayan mako guda foman ya kira shi, murya kamar ta mai neman aure. An gwada mutum biyu sun kasa, injiniya ta ce a nemo tsohon nan shi ya gyara, yadda ya ce tun farko. Baba Gangare ya so ya ƙi. Amma tunanin bututu a toshe ya fi ƙarfin zuciyarsa, ya ɗaure akwati a babur ya tafi.

A ƙofar ma'aikata mai gadi ya tare shi da nasa ɗan allon. Ya tambayi suna, ya duba, ya sake dubawa.

"Babu kai, Baba."

"Su suka kira ni."

"Masu gyara daga jerin ma'aikatan ginin ake ɗauko su. Wanda ba ya ciki ba ya shiga."

Foman ya fito da gudu, hankici a hanci. "Kai, bar shi ya wuce! Shi ya yi famfon gidan nan duka!"

"To me ya sa ba ya ciki?" in ji mai gadi. "Ni kada a ci mini aiki. A sa shi a allo, in buɗe."

Foman ya kira ofis. Mai izinin sa suna mutum ɗaya ne, Mai Linzami, shi kuwa kamfani ya tura shi wani gari ya koya wa ma'aikatan sabon reshe yadda ake haɗin kai.

Baba Gangare ya tsaya yana shaƙar abin da iska ke kawowa daga hawa na biyu. Ya juya babur.

"Baba, don girman Allah!" in ji foman. "In sa tsani ta baya ka haura."

"Shekara arba'in ta ƙofa nake shiga gidan mutane, ɗana, ban fara haura katanga yau ba. Ka gaya wa manajanka ba ni da wuyar samu. Ranar da ɗan kwangilar nan ya kira ni ya ce ya ga wasiƙa, ranar zan zo, ko da ruwa ake da ƙanƙara."

Wasiƙa dai layi uku ce, ba ta kai dannawa biyu ba. Yau wata biyar ke nan ba ta fita ba, don ba a sami wanda zai sa hannu a ƙasanta ba. Hawa na biyu na rufe, an rataya masa allo wai ana kwaskwarima. Gidajen nan shida an ba wani. Ɗan kwangilar kuwa, in ya hango Baba Gangare a bakin titi da akwatinsa, yakan ɗaga masa hannu ta tagar mota, da fara'a sosai, amma ba ya taka birki.